Cikin da Aka Kwantar a Gashuwa

Duk matan da sanƙarau ya kashe wa maza a Nguru sun fita takaba, wasu har sun sake aure. Meram kaɗai ta rage a unguwar bayan tashar jirgi da zane marar rini, kai ba kitso, ido ba kwalli, da 'yar wuƙar takaba a hannu duk inda za ta. Malamin unguwa ya yanke magana tun ranar sadakar uku: mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu. Meram kuwa tana da ciki, kowa ya sani. Sai dai cikin a kwance yake.

Ba ɓoyayyen labari ba ne. 'Yarta Sabuwa ko rarrafe ba ta fara ba Meram ta ga alamar wani cikin. Kwanika, abin da mata ke dariyarsa a bakin rijiya. Nono ya tsinke, yarinyar ta kama zawo, idanunta suka faɗa. Mijinta Kyari, ɗan dako mai loda buhunan gyaɗa a tarago, ya ɗauke ta sai Gashuwa wurin Kaka Gumsu, ungozomar da aka ce tana kwantar da ciki. Meram ta sha wani ruwa mai ɗaci a ƙoƙo. Mara ta murɗa, jini ya zuba, ta suma ta farfaɗo.

"Shimfiɗa aka yi masa," in ji tsohuwar. "Ya kwanta. In kin yaye wannan, ku dawo in tashe shi."

Nono ya dawo. Sabuwa ta murmure, ta yi kumatu, ta fara gudu. Kyari kuwa ya sami abin wasa. Kullum in ya dawo daga tasha jiki duk ɓawon gyaɗa, sai ya ƙwanƙwasa cikin Meram da yatsa ya ce, "Malam mai barci, mu muna ta dako kai kana ta minshari?" Har Sabuwa ta koya.

Suka yaye ta, suka sa ranar komawa Gashuwa bayan cinikin gyaɗa. Ana cikin cinikin ne Kyari ya fita da safe da buhu a ka, la'asar aka dawo da shi wuya a sanƙare, kashegari aka binne shi.

Meram ba ta yi kukan da aka zata ba. Ta ci gaba da daka, da ɗebo ruwa, da sallah. Wani lokaci takan ɗora hannu a mara ta saurara. Ba ta jin komai. Amma ai mai barci ba ya motsi.

Uwar Kyari, Ya Fanna, ita ba ta da shakka ko kaɗan, don a gidanta abin ya taɓa faruwa. Kyari kansa kwantaccen ciki ne. Ubansa ya daɗe a kabari, damina ta zo ta wuce ta sake zuwa, kafin Kaka Gumsu ta tashe shi. Duk wanda ya yi gardama a kan kwantaccen ciki a unguwar, Kyari ake nuna masa yana wucewa da buhu.

Wata safiya Ya Fanna ta tsaya a bakin ɗakin Meram.

"Ɗaura yarinyar. Gashuwa za mu."

"Yau, Ya?"

"Sai yaushe? Sai ya yi gemu a ciki? Ɗana ɗaya, ya tafi bai bar namiji ba. Ga namijin nan kina ta yawo da shi kamar tulu. Madu zai raka mu."

Madu ɗan baffan Kyari ne, ƙanin wasan Meram. Kamarsu ɗaya da marigayin, har wushirya, har yadda suke karkata kafaɗa. Da can ba ya shiga gidan bai tsokane ta ba: matarmu, tuwon nan da guduma aka tuƙa shi? Ranar nan ya zo da wankakkiyar riga, ya gaishe ta kansa a ƙasa, bai ƙara ba.

A tashar mota suka sami motar Lanre, wani Bayarabe mai kai gishiri Gashuwa ya dawo da banda. Ya Fanna ta ce mai ciki za ta zauna gaba. Lanre ya dubi Meram sama da ƙasa.

"Mama, ina cikin? A gida kun manta shi?"

"Naka ne da za ka nema? Buɗe ƙofa."

Hanya yashi ce. Mota ta kafe, maza su sauka su tura, ta tashi, ta sake kafewa. Ta madubi Meram tana ganin Madu yana turi, gumi ya jiƙa wankakkiyar rigar. Da suka haɗa ido sai ya kau da kai. Ta lura, amma ba ta bi zancen a ranta ba. Tun rasuwar Kyari ba ta bin komai a ranta.

Bayan azahar suka shiga Gashuwa. Gidan Kaka Gumsu yana nan yadda ta san shi, a gaɓar kogi, hayaƙin banda na shigowa ta kan danga. A tsakar gida wata matashiya na zaune a kan turmi da jariri a cinya, ƙafafunsa sirara, kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Meram ta san wannan kamar. Ta ɗauke ido.

Kaka Gumsu ta fito tana tauna goro, haƙora jajur.

"Wushe, wushe, sannunku da zuwa. A'a, ba matar ɗan dakon nan mai surutu ba ce? Ina yake?"

"Ya rasu, Kaka."

"Allahu akbar. Allah ya jiƙansa." Ta juya. "Fanna. Kin tsufa."

"Ke ma ba budurwa kika koma ba."

"Suwaibatu, ɗan jira ni," tsohuwar ta ce wa mai jaririn. "Waɗannan daga nesa suke." Ta leƙa zaure inda Madu ya tsaya, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kama hannun Meram suka shiga ɗaki.

Ɗakin bai sauya ba: tabarma, ƙullin saiwoyi a rataye, ƙoƙon nan a kife. Meram ta kwanta. Tsohuwar ta ɗan danna mararta, ba ta ma tsaya saurare ba, ta miƙe ta fara kwance wani ƙulli.

"Na zauren nan, wane ne?"

"Ɗan baffan maigidan."

"Yauwa. Fanna ba ta mantuwa, ta zaɓo mai kama. To, ga ɗakin baya na share. Za ku ɗan kwana biyu a nan. Ki sha wannan da yamma, shi ma ya sha. In Allah ya yarda, kafin kogi ya janye kin ji motsi."

"Shi wa zai sha?"

"Yaron mana."

"Me ya haɗa Madu da maganina?"

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan ƙullin. Ta cire goron daga baki ta ajiye a gefen tabarma.

"Ba ta gaya miki ba."

Meram ta tashi zaune.

"'Yar nan, ba a tashin ciki ba namiji. Mai miji, mijinta ne, na ba su saiwa su koma gida, wata tara a zo min da goron suna. Wadda mijinta ya rasu, dangi kan kawo nasu. Don kama ta zo daidai."

"Wanda ke kwance fa?"

Kaka Gumsu ta kama hannun Meram ta ɗora a marar, ta danna da nata hannun a kai, ta danna har Meram ta ji ƙashi.

"Me kika ji?"

"Ba komai."

Tsohuwar ta saki hannun.

A waje Sabuwa na bin kaji tana dariya. Meram ta jira ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta. Bai tsinke ba. Muryarta ta fito kamar mai tambayar hanyar kasuwa.

"Yana ina?"

"Bayan ɗakin nan, gindin goruba. Tun ranar. Na naɗe shi a farin ƙyalle, na yi bisimilla. Bai kai ɗan yatsa ba."

"Kin ce shimfiɗa."

"Na ce."

"Ƙarya kika yi min."

"Na yi. Uwata ma haka take faɗa, ita ma haka ta gada." Ta mayar da goron baki. "Ki saurare ni. Mace ta shigo nan, ɗaya a baya yana mutuwa, ɗaya a ciki yana shan nononsa. In na ce zubarwa, sai ta tashi da gudu tana a'uzubillahi. Bayan wata biyu ta binne na bayan. Na cikin ya fito ba ƙwari, wani sa'in shi ma ya bi. Na wanke irin waɗannan gawawwakin da hannuna har na daina tuna fuskokinsu. In na ce kwantarwa, sai ta sha, ta tafi da ɗanta a raye da zuciyarta a wanke. Zunubin ya tsaya a ɗakin nan. Ni na ɗauka."

"Wa ya ce ki ɗaukar min?"

"Da na gaya miki, da kin sha?"

Meram ta tuna idanun Sabuwa yadda suka faɗa, da yadda kukanta ya koma kamar na 'yar kyanwa.

"Ban sani ba."

"To kin gani."

"Amma da na san abin da na sha."

"Da kin san, da kin kwana da shi kullum."

"Yanzu ma da shi nake kwana. Har gaishe shi ake yi." Ta ɗaura zanenta. "Kisa ne, Kaka?"

"Wani malami a nan ya ce min tun daga ranar farko haramun ne. Wani da ya zo daga gabas ya ce kafin a busa rai da sauƙi, in don ceton mai shan nono ne. Matansu duka sun zauna a kan tabarmar nan. Ni ba malama ba ce. Ran gobe za a tambaye ni, na sani."

Meram ta ɗauki wuƙarta ta fita.

Ya Fanna na zaune a inuwar danga tana jan carbi. Madu ya matso bakin zaure, ya tsuguna. Meram ta tsaya ta dube shi sosai, karon farko tun safe: goshin, wushiryar, kafaɗar da ta karkata. Ta taɓa jin tsofaffin unguwa na cewa Kyari bai ɗauko ubansa ba, baffansa ya ɗauko sak.

"Ya," ta ce, "wancan karon da kika zo tashin maigidan, wa ya rako ki?"

Carbin ya tsaya.

"Baban Madu." Ya Fanna ta gyara lulluɓinta. "Lokacin ba mota. Mace ba ta bin hanyar nan ita kaɗai."

Madu ya ɗago kai ya dubi Ya Fanna, bakinsa a buɗe. Ashe shi ma rabi aka gaya masa.

"Matarmu, wallahi ni ban so ba," ya ce. "Cewa aka yi don Kyari ne. Cewa aka yi yaron yana nan, hanya kawai za a buɗe masa."

"Rufe min baki," in ji Ya Fanna. Ta taso ta matso dab da Meram, ta yi ƙasa da murya. "Na sami ɗa. Ya yi dako ya ciyar da ni, ya aure ki, ya ba ki waccan. An raɗa masa suna a gaban malamai, ba wanda ya taɓa nuna shi da baki. Wa aka cuta? Gaya min wanda aka cuta."

"Shi bai sani ba."

"Da ya sani da ya fi ƙiba ne? Ki shiga ɗakin nan. Kwana kaɗan ne. Ki koma Nguru ki haifi ɗan Kyari, ki fita takaba da guɗa."

"Ba ɗan Kyari a nan, Ya. Yana gindin goruba."

"Kada ki sake faɗa." Yatsun tsohuwar suka kama damtsenta. "Muddin yana kwance, ke mai ciki ce, mai haƙuri, kowa na tausayinki. Ranar da kika ce babu, kin san abin da kika zama? Kin san sunan abin da kika sha? Matan bakin rijiya za su gaya miki sunan. Za su gaya wa 'yarki in ta girma. Malam zai ce kin yi shekara kina wasa da takaba. Ni kuma, ni kuma a fara lissafin nawa."

Gaskiya ta faɗa, Meram ta sani. Ta dubi ƙofar ɗakin baya. An share gabansa, an yayyafa ruwa, har da sabuwar tabarma a jingine. Ta ga yadda abin zai kasance: motsi a ciki, na gaske, yaro mai wushirya, suna, guɗa. Ba wanda zai ce ta zubar da kowa. Ita ma wataƙila wata rana ta manta. Ƙafarta ta ɗaga da kanta, taki ɗaya wajen ɗakin.

"Yaya."

Mai jaririn ce, Suwaibatu. Ta taso daga kan turmi, ta ɗan rusuna. Ba ta ji abin da ake faɗa ba, ta dai ga mace ta fito daga ɗakin da ita za ta shiga.

"Yaya, don Allah, ke ma kwantarwa aka yi miki? Daga wajen Jakusko na taho, maigidan bai ma san na zo ba. Tsoro nake ji. Yana tashi kuwa? In na yaye wannan, zan same shi?"

Kaka Gumsu ta fito bakin ƙofa da ƙoƙo a hannu. Ya Fanna ta ƙara matse damtsen. Jaririn ya buɗe baki zai yi kuka, sautin bai fito ba.

Kalma ɗaya ce, e. Duk wadda aka yi wa tambayar nan a tsakar gidan nan ita ta faɗa.

"Ba ya tashi," in ji Meram.

"Meram!" in ji Ya Fanna.

"Fita yake yi ranar da kika sha. A naɗe shi a ƙyalle a binne bayan ɗakin can. Nawa yana can." Ta nuna Sabuwa, wadda ta kama wutsiyar akuya tana ja. "Waccan kuma haka take kamar naki, har ta fi shi lalacewa. Ga ta nan."

Suwaibatu ta dubi Sabuwa. Ta dubi ɗanta. Ta ɗora hannu a mararta.

"To in sha, ko kada in sha?"

"Ban sani ba."

"Da ke ce fa?"

"Ni ba a tambaye ni ba."

Matashiyar ta koma kan turmi a hankali ta zauna. Ba ta nufi ɗaki ba, ba ta nufi zaure ba. Kaka Gumsu ta tsaya da ƙoƙon, ta dubi Meram ba fushi ba murna.

"Kin ɗora mata kaya," ta ce.

"Nata ne."

Hannun Ya Fanna ya saki. Ta koma inuwar danga ta zauna, ta ɗauki carbi, ba ta ja ba. Madu ya riga ya fice, ana hango rigarsa ya nufi tashar mota.

Meram ta zaga bayan ɗakin. Goruba ce babba mai rassa biyu, ƙarƙashinta ƙasa a shafe, kashin awaki da busassun kaba. Ba tudu, ba dutse, ba alama.

"Wane wurin?" ta tambaya.

Tsohuwar ta biyo ta. Ta duba nan, ta duba can.

"Nan ne. Ko can. Suna da yawa, 'yar nan."

Meram ta tsuguna inda ta ga dama. Ta yi niyyar karanta wani abu, ba ta san abin da ake karanta wa wanda bai kai yatsa ba, sai ta yi Fatiha. Ta soke wuƙar takabar a ƙasa har ƙota, ta bar ta nan. Daga nan ta gangara kogi, ta shiga da zanenta a inda mata ke wanki, ta nutsa kanta. Ruwan da sanyi. Wannan kam ta ji shi.

Da ta hauro, wata mai wanki ta dubi gashinta ta ce, "Kai, baiwar Allah, yaushe rabon kan nan da kitso?"

"Ya daɗe. Za ki yi min?"

Kashegari da hantsi motar Lanre ta cika da kwandunan banda. Ya Fanna ta hau baya. Madu ya ce shi zai tsaya neman aiki wurin masunta. Suwaibatu kuwa, da suka fito, tana tsakar gidan da jaririn a cinya, ƙoƙon a ajiye a gabanta, ba a taɓa shi ba, ba a kuma zubar ba.

Lanre ya buɗe ƙofar gaba. "Mai ciki, shiga."

"Ba ni da ciki," in ji Meram. Ta faɗa yadda na bayan mota za su ji, kuma a cikinsu akwai matan Nguru. Ta miƙa Sabuwa sama, ta taka taya ta hau cikin kwanduna.

Mota ta kama yashi. Sabuwa ta yi ta kallon sabon kitson uwarta, sannan ta tuna ba ta yi gaisuwar safe ba. Ta ƙwanƙwasa cikin da yatsa yadda babanta ke yi.

"Malam mai barci. Ya tashi?"

"Ba ya nan."

"Ina ya je?"

"A Gashuwa muka baro shi."

Yarinyar ta waiga tana neman garin. Ba a ganin komai sai kawunan goruba. Can gaba mota ta kafe, Lanre ya yi ihu a sauka a tura, Meram ta sauka tare da maza.